Tabaraun nutso da bututun numfashi: Abin dubawa kafin ɗan Dakoro ya sa kuɗinsa

Daga garin Dakoro zuwa gaɓar teku mafi kusa tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota. Babu kogin da ke gudana rani da damina a wannan gunduma ta arewacin jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, kuma a ƙauyuka da dama sai an ɗaura igiyar guga a jikin sa ko raƙumi ko jaki an ja ta nesa kafin ruwan rijiya ya iso sama.

Duk da haka, maganar tabaraun nutso da bututun numfashi, kayan da masu yawon buɗe ido ke sakawa su kwanta a saman teku suna kallon kifi, ta shafi mutanen yankin ta fuska biyu.

Ta farko ita ce matafiya. 'Yan kasuwa na zuwa Kwatano da Lome da Legas da Dubai, ɗalibai na karatu a Masar, masu Umara kuma na sauka Jidda, birnin da ke bakin Bahar Maliya. A irin waɗannan wurare ba wuya a gayyaci baƙo bakin ruwa, a miƙa masa tabarau da bututu na haya, a ce ya shiga ya ba idonsa abinci.

Ta biyu ita ce tsaraba. Irin waɗannan kaya ba su da tsada a shagunan kayan wasan yara na manyan birane, kuma uba na iya sayo wa ɗansa ba tare da ya yi tunanin inda yaron zai je ya gwada su ba. A Dakoro wurin gwajin sananne ne: tabkuna da kududdufan da ke cika tsakanin Yuli da Satumba, daidai lokacin da makarantun boko ke dogon hutu.

Kayan nan biyu ba sa koya wa kowa iyo, ba sa kuma hana kowa nutsewa. Aikinsu kawai su ba wanda ya riga ya iya ruwa damar gani da numfashi alhali fuskarsa na cikin ruwa.

Abin da alƙaluma suka nuna

A watan Disamban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta na farko kan halin da duniya ke ciki game da mutuwa a ruwa. Rahoton ya ce kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, wato fiye da mutum 30 a kowace sa'a.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, sannan kusan kashi ɗaya cikin biyar 'yan shekara 5 zuwa 14 ne.

Nahiyar Afirka ce ke kan gaba, da mutum 5.6 cikin kowane 100,000. Yayin da yawan mutuwar ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya tun daga shekarar 2000, a Afirka kashi 3 kacal ya ragu.

A Nijar ba a manta da daminar 2024 ba, wadda hukumomi suka ce ambaliyarta ta kashe fiye da mutum 300, wasu ta rushewar gidaje, wasu ta nutsewa, kuma jihar Maraɗi ce ta fi kowace jiha yawan mamata.

Ranar 25 ga Yuli da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 domin yaƙi da mutuwa a ruwa ita ma tana faɗowa ne a tsakiyar daminar Dakoro, lokacin da kwarin Tarka da sauran wuraren kwanciyar ruwa ke ɗaukar ruwa.

Me kayan ke yi?

Idon ɗan Adam an yi shi ne domin gani a cikin iska. Da zarar ruwa ya taɓa ƙwayar ido kai tsaye sai gani ya zama dishi-dishi. Tabaraun nutso na riƙe 'yar iska tsakanin ido da ruwa, shi ya sa gani ke dawowa.

Sai dai ganin na zuwa da ruɗi. Abu kan yi kamar ya ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa da kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙasan ruwan da ke zurfin mita 4 sai ya yi kamar yana mita 3, kuma wanda bai san haka ba na iya zaton ƙafarsa za ta taɓa ƙasa.

Akwai bambanci tsakanin tabaraun nutso da ƙaramin tabaraun ninƙaya da 'yan wasan iyo ke sakawa. Na ninƙaya idanu kaɗai yake rufewa. Na nutso ya haɗa da hanci, kuma da dalili. Kowane mita 10 na zurfi na ƙara wa jiki nauyi daidai da na iskar sararin sama baki ɗaya, iskar da ke cikin tabarau kuma na matsewa, a mita 10 na farko ta koma rabin girmanta. Mai tabaraun nutso sai ya busa 'yar iska ta hanci ya cike gurbin. Mai ƙaramin tabarau ba shi da wannan dama, tabaraun zai tsotsi idonsa har jini ya kwanta a ciki.

Shi kuwa bututun numfashi ɗan gajeren bututu ne mai lanƙwasa, gefe ɗaya a baki, ɗayan a sama da ruwa. A shagunan ƙasashen da ke amfani da Faransanci sunansa tuba, kalmar da ba ta haɗa komai da tuban Hausa ba. A na masu Ingilishi ana ce masa sinokel.

Yadda ake zaɓen tabarau

Masu koyar da nutso a ko'ina sun yarda a kan abu ɗaya: tabaraun da ya zauna daidai a fuska shi ne mai kyau, ko nawa ne kuɗinsa. Fuskoki sun bambanta a faɗi da tsawon hanci da ƙashin goshi, don haka wanda ya yi wa wani daidai na iya yi wa ɗan'uwansa yoyo.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Mutum ya kawar da gashi ko gefen hula ko hijabi daga goshi, ya ɗora tabaraun a fuska ba tare da ya sa igiyarsa a kai ba, ya ja iska kaɗan ta hanci, ya riƙe numfashi, sannan ya saki hannu. In tabaraun ya manne bai faɗi ba, ya zauna. In ana jin iska na shiga ta gefe, to ta nan ruwa zai shiga.

Yana da kyau a maimaita gwajin da bakin bututu a cikin baki, domin riƙe shi na sauya siffar leɓen sama.

Abu na biyu shi ne gilashin. A nemi kalmar Tempered ko harafin T a jikinsa, alamar cewa an gasa shi yadda in ya fashe zai dagargaje ƙanana kamar gilashin gefen mota, maimakon ya tsage da kaifi a gaban ido. Na roba mai kama da gilashi, wanda aka fi samu a kayan wasan yara, yashi na goge shi nan da nan, kuma ya fi saurin yin hazo.

Na uku shi ne robar da ke kwanciya a kan fata. Ta silikon ce mai kyau: tana da laushi, tana komawa yadda take in an lanƙwasa ta, ba ta da warin leda. Roba mai tauri da ƙyalli kan ƙara tauri da zafi, ta tsattsage. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuma tana iya jawo abin da ya fi rashin ado.

Na huɗu shi ne gurbin hanci. Dole ya ɗauki hanci ba tare da ya danne shi ba, kuma a iya kama hancin da yatsu biyu ta waje. Da haka ake daidaita kunne in an nutsa: a toshe hanci, a busa a hankali har a ji kunne ya buɗe. Wanda ke fama da mura ko ciwon kunne ya haƙura da nutso har ya warke, kuma ba a cusa wani abu a kunne a nutsa da shi, domin dodon kunne na iya fashewa.

Masu gemu ba su da matsala da gemun kansa. Gashin baki ne ke hana roba mannewa a ƙarƙashin hanci, kuma rage shi daga saman leɓe kan wadatar. Mata masu kitso su kula igiyar ta zauna a bayan kai sama da kunnuwa, kada kuma wani gashi ya shiga ƙarƙashin robar.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne tamke igiya. Tamkewa na murɗe robar, yoyo ya ƙaru. In mutum ya fito da zanen tabarau a fuska, igiyar ta yi tsauri.

Mai amfani da tabaraun likita ba zai iya sa shi a ƙarƙashin na nutso ba. Akwai tabaraun nutso mai gilashi biyu da ake canja wa gilashin da na ƙara gani. Yara kuma da nasu girman, bai kamata a saya wa yaro na manya da sunan zai girma ya same shi ba.

Sabon gilashi kan zo da wani siririn maiƙo daga masana'anta mai sa shi hazo. Ana goge cikinsa da farin man goge baki sau biyu ko uku a wanke. Kafin kowace shiga ruwa kuma ana shafa ɗigon sabulun wankan jarirai, ko ma yawu, a ɗauraye sama-sama.

In na gwanjo ne ko na haya, a ja igiyar a ga ko ta fara tsagewa, a taɓa robar a ji ko tana danƙo, a wanke komai da sabulu.

Yadda ake zaɓen bututu

Tambayar da mutane da yawa ke yi ita ce, me ya sa bututun gajere ne? Me zai hana a yi shi mita biyu mutum ya zauna a ƙasan ruwa yana shaƙar iska?

Dalili biyu ne. Na farko nauyin ruwa. A zurfin mita ɗaya kacal, ruwa na danna kowane murabba'in mita da nauyin tan ɗaya. A faɗin ƙirjin babban mutum wannan ya kai kusan nauyin buhun gero mai kilo 100, alhali iskar da ke shigowa ta bututu ba ta da ƙarfin da za ta ture shi. Ƙirji ba zai jure ɗaga wannan nauyi ba sai na ɗan lokaci ƙanƙane.

Na biyu tsohuwar iska. Mutumin da ke hutawa na shaƙar kusan rabin lita a kowane numfashi. Duk iskar da ya fitar ta tsaya a cikin bututu ita zai fara shaƙa a numfashi na gaba, kuma cike take da iskar kabon da jiki ke son ya rabu da ita. Iya tsawon bututu da faɗinsa, iya yawan tsohuwar iskar da ke komawa huhu.

Wannan ya sa ƙa'idar Turai mai lamba EN 1972 ta shekarar 2015 ta ƙayyade tsawon bututun manya a santimita 38, cikinsa kuma kada ya ɗauki fiye da mililita 230. Na yara da masu ƙaramin jiki santimita 35 ne da mililita 150. Ba yaro bututun babba haɗari ne, domin ƙaramin huhunsa ba zai iya kore tsohuwar iskar ba.

Bututun iri uku ne a kasuwa. Akwai na asali, bututu zalla mai lanƙwasa, wanda in ruwa ya shiga sai a busa da ƙarfi a fitar. Akwai mai 'yar rumfa a sama da ke rage shigar fantsamar ruwa. Akwai kuma mai murfi da ke rufe kansa in bututun ya nutse. Na biyu da na uku galibi suna da wata 'yar ƙofa a ƙasan baki da ruwa ke fita ta nan.

Mai murfi na ba sabon shiga kwanciyar hankali, amma ƙwayar yashi ɗaya na iya maƙale murfin, ko ya ƙi rufewa ko ya ƙi buɗewa. Duk wanda za a saya, bakinsa ya zama na silikon mai laushi da zai zauna tsakanin haƙora ba sai an cije da ƙarfi ba, saman kuma ya zama mai launi mai haske yadda masu jirgin ruwa za su hango shi.

A al'adar masu nutso ana maƙala bututun a gefen hagu na tabarau.

Mai rufe fuska gaba ɗaya

A shekarar 2014 kamfanin kayan wasanni na Decathlon da ke Faransa ya fito da wani tabarau mai suna Easybreath, wanda ke rufe fuska daga goshi zuwa haɓa, da bututu a samansa. Mutum na numfashi ta hanci da baki kamar yana waje, abin da ya sa ya karɓu wurin masu tsoron ruwa. Ba a jima ba kwaikwayonsa ya cika kasuwannin intanet.

Na ainihi yana da hanyar shigar iska daban, ta fita daban. In ƙofofin da ke raba hanyoyin ba su da inganci, ko tabaraun bai zauna a kan hanci daidai ba, tsohuwar iska na taruwa a ciki, mutum ya fara jin ciwon kai da jiri. Masu ƙera shi da kansu sun ce na saman ruwa ne kawai: ba a nutso da shi, tunda ba a iya kama hanci, ba a kuma iyo mai ƙarfi da shi.

A jihar Hawai ta Amurka, inda baƙi masu wannan wasa ke yawan mutuwa a ruwa, wani bincike da hukumomin jihar suka ɗauki nauyi ya gano cewa ba kowa ne ke mutuwa saboda ya shaƙi ruwa ba. Wasu, jan iska da ƙyar ta cikin bututu mai matsi ne ke sa ruwan jiki ya taru a huhunsu cikin ɗan lokaci, ƙarfinsu ya ƙare, su suma ba tare da ihu ko fafutika ba.

Binciken ya ambaci ciwon zuciya da yawan motsa jiki a cikin ruwa a matsayin abubuwan da ke ƙara haɗarin, ya kuma ba da shawarar wanda ya sauko daga doguwar tafiyar jirgin sama ya huta 'yan kwanaki tukuna. Ya ce galibi bututun da ba shi da tarkace ya fi sauƙin jan iska.

Duk wanda ya ji numfashinsa na yankewa ko gaɓoɓinsa sun mutu, abin yi shi ne ya cire bututun, ya juya rigingine, ya ɗaga hannu a taimake shi, ya fita daga ruwan.

Ina kayan ke da amfani?

Wannan wasa na buƙatar ruwa mai haske kuma kwantacce. Bahar Maliya na cikin wuraren da suka fi shahara a duniya saboda duwatsun murjani da kifaye masu launi: Sharm el-Sheikh da Hurghada da Dahab a Masar, da gaɓar Obhur a arewacin Jidda. A gabashin Afirka akwai Zanzibar da gaɓar Kenya. A irin waɗannan wurare ana ba da rigar da ke hana nutsewa, kuma wanda bai ƙware ba kada ya ji kunyar neman ta. Ba a taka murjani ko a taɓa shi, yana yanka, wani ma yana ƙuna, kuma taɓawar na kashe shi.

Gaɓar Atlantika a Kwatano da Lome da Legas labarinta daban. Igiyar ruwa na da ƙarfi, yashi ya gauraye ruwan, kuma akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu ya ja mutum. Wanda ya faɗa irin wannan ja kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓar, har ya fita daga cikinsa. Jar tuta a bakin teku na nufin kada a shiga.

A tabkunan damina na Dakoro kuwa, tabarau ba zai nuna wa yaro komai ba. Ruwan ja ne da laka, mutum ba ya ganin tafin hannunsa a ciki. Abin da kayan za su ƙara masa shi ne ƙarfin halin matsawa tsakiya.

Yawancin kududdufan bakin gari ramuka ne da aka haƙa domin ƙasar gini ko aikin hanya. Gefensu ba ya gangarawa a hankali, taku ɗaya na iya kai yaro daga ruwa iya gwiwa zuwa wanda ya shanye kansa, ga laka mai riƙe ƙafa. In ruwa ya shiga bututu ya sarƙe shi a irin wannan wuri, firgita ce ke biyo baya.

Ga kuma tsargiya. Ƙwayar cutar na fitowa daga jikin dodon koɗin da ke rayuwa a ruwan da ba ya gudu, ta huda fata ta shiga jiki, daga baya a ga jini a ƙarshen fitsari. Babu tabaraun da ke kare wannan. Maganinta praziquantel ne, wanda ake rabawa 'yan makaranta a Nijar, kuma yaron da aka ga alamar a jikinsa asibiti ya kamata a kai shi.

Wani wasan da ya kamata iyaye su hana shi ne gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa, musamman in yara na yin numfashi da sauri-sauri kafin su nutsa. Yin hakan na jinkirta jin buƙatar numfashi, sai mutum ya suma a ƙasa kafin jikinsa ya gargaɗe shi.

Rijiya ba wurinsu ba ce

Masu nutson da Dakoro ta sani tun da daɗewa su ne masu yasar rijiya da masu ciro guga. A arewacin jihar Maraɗi akwai rijiyoyin da zurfinsu ya haura mita 50, kuma babban haɗarin da ke ƙasansu shi ne iskar da ba ta da isasshen oksijin.

Tabarau da bututu ba sa samar da iska, wadda ke wurin kawai suke wucewa da ita. Haɗa dogon tiyo daga bakin rijiya ma ba mafita ba ce. Tiyo mai tsawon mita 20 da faɗin santimita 2 na ɗaukar fiye da lita 6 ta iska, mai numfashin rabin lita kuwa ba zai taɓa jawo sabuwa daga sama ba. Tasa da ya fitar ita zai yi ta mayarwa har ya faɗi.

Tsohuwar dabarar saukar da fitila ko kyandir kafin mutum ya sauka tana da tushe: in wutar ta mutu, ba a shiga. Amma wutar ba ta nuna gubar hayaƙin injin ban-ruwa ko janareta, don haka ba a kunna inji a cikin rijiya ko dab da bakinta alhali da mutum a ƙasa. Mai sauka ya kasance da igiya a jikinsa da mutane a sama masu iya jawo shi. Sau da yawa wanda ya bi ɗan'uwansa da gaggawa domin ceto shi ne ke zama gawa ta biyu.

Nutso da tukunyar iska

Nutso mai zurfi da tukunyar iska a baya wani fanni ne daban. Na'urar da ta sauƙaƙa shi Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, Jacques-Yves Cousteau da Émile Gagnan. Tabaraun da ya ci gwajin da aka bayyana a sama zai yi aiki a nan ma, amma sauran kayan ba a taɓa su sai da horo.

Ƙungiyoyi irin su PADI da CMAS na ba da shaidar matakin farko bayan horon 'yan kwanaki. Shaidar PADI ta farko na ba da izinin zurfin mita 18. Babbar doka ita ce ba a riƙe numfashi yayin hawowa, domin iskar da aka shaƙa a ƙasa na kumbura a huhu.

Kafin horo ana cike takardar lafiya, kuma bai kamata a ɓoye komai ba. Masu farfaɗiya da ciwon zuciya da asma sai da izinin likita, mai cutar sikila kuwa, wadda ta yawaita a Nijar da Najeriya, likitoci na hana shi irin wannan nutso.

Matafiyi ya kuma lissafa ranar komawarsa. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce a jira aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya kafin hawa jirgin sama, sa'a 18 kuma bayan nutso da yawa.

Gora da jarka

Ƙasar Hausa na da nata gwanayen ruwa. A bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ana wasannin Kabanci da suka haɗa da nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa. Masu yin su tun suna yara suka tashi a bakin kogi a hannun manya. Duk da haka, masuncin da ke shiga Matan Fada da homarsa yana tafe da babbar gora da yake kwanciya a kanta.

Ga wanda ya taso a Dakoro ko Kornaka bai taɓa koyon iyo ba, tsarin sayayya ke nan: ya fara da koyon iyo a kwamin wanka na otal ko na filin wasa a hannun wanda ya iya, sai rigar hana nutsewa, sannan tabarau da bututu. Ya fara gwada su a inda ruwa bai wuce ƙirjinsa ba, ya koyi fitar da ruwa daga bututu da cire tabarau ba tare da firgita ba, kuma kada ya shiga shi kaɗai. Bayan an gama a ɗauraye kayan da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, kada a bar su cikin mota a rana.

A gida kuma, abin ceton da ya fi amfani a bakin tabki yana nan a kusan kowane tsakar gida: jarkar ruwa mai lita 20 ko 25, wadda aka fi sani da bido. In babu komai a cikinta kuma murfinta a rufe yake gam, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Wanda bai iya iyo ba ya jefa ta, ko ya miƙa doguwar sanda ko igiyar guga yana daga tudu, kada ya faɗa ruwan.

In an ciro mutum ba ya numfashi, ba a ɓata lokaci wajen danna masa ciki ko juya shi kai ƙasa. A kwantar da shi rigingine, a busa masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa, wani kuma ya nemi abin hawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu na iya tayar da matsala bayan sa'o'i. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar ita ce 18.